Yadda Za Ka Binciki Tasirin Fim, Waƙa da Wasan Bidiyo a Kan Yanayin Zuciya

Mafi yawan kundayen ɗalibai da ke zuwa hannuna a kan wannan batu hanya ɗaya suke bi. A raba takardar tambayoyi, a tambayi mutum awa nawa yake yi yana kallo ko sauraro, a tambaye shi ko yana yawan jin damuwa, sai a haɗa amsoshin biyu a ce kallo ne ke jawo damuwa. Ina karanta irin waɗannan da tausayi, domin an sha wahala ta gaske wajen tara su, amma tambayar da aka ɗauko ba ita aka amsa ba. Mutumin da ke cikin ƙunci ai shi ya fi kwanciya da waya a hannu har tsakar dare. To wanne ya riga wanne, kallon ko ƙuncin? Takardar da aka cika sau ɗaya ba za ta taɓa gaya maka ba. Daidai yake da ka lura cewa masu yawan shan magani su suka fi rashin lafiya, ka ce maganin ne ke kwantar da su.

Abin da nake so ka riƙe ke nan tun kafin ka rubuta layin farko: yanayin zuciyar mutum shi ke zaɓar masa abin da zai kalla, daga baya abin da ya kalla ya taɓa yanayin. Aikinka a matsayin mai bincike shi ne ka raba waɗannan biyun, ka san wanne kake aunawa. Duk sauran abin da zan faɗa hidima yake yi wa wannan.

Ba sabuwar magana ba ce. A 1984 Jennings Bryant da Dolf Zillmann sun yi wani gwaji a Amurka wanda har yau nake sa ɗalibai su fara karantawa. Sun raba mutane gida biyu. Rukuni ɗaya aka ba su aikin zira ƙananan zobban ƙarfe a igiya, ɗaya bayan ɗaya, har abin ya gundure su. Ɗaya rukunin aka ba su tambayoyin jarrabawa masu wuya, ana matsa musu da lokaci har hankalinsu ya tashi. Daga nan aka bar kowa da talabijin na minti 15 da shirye-shirye shida, uku masu zafi, uku masu sanyi, ana lissafa abin da ya zaɓa ba tare da ya sani ba. Waɗanda aka gundura kusan duk lokacinsu a kan masu zafin suka ƙarar. Waɗanda aka tayar wa hankali kuwa sun ba masu sanyin lokaci fiye da na farkon nesa ba kusa ba. Daga irin waɗannan gwaje-gwaje Zillmann ya fitar da ra'insa a 1988, cewa mutane na amfani da nishaɗi ne don daidaita yanayin zuciyarsu, sau da yawa ba tare da sun lura ba. Ka duba dabarar: ba su tambayi kowa dalilin da ya sa yake kallo ba. Su suka haddasa yanayin da hannunsu, sannan suka zuba ido.

Ka matse tambayarka

"Tasirin finafinai ga matasa" ba tambaya ba ce, fage ne da za a shekara ɗari ana noma shi. Tambaya ita ce irin wannan: shin kallon barkwanci na minti goma bayan aiki mai gajiyarwa yana rage ƙunci fiye da zama shiru na minti goma? A nan ka san abin da za a nuna, ka san wa za a nuna wa, ka san abin da za ka auna da lokacin da za ka auna shi, ka kuma san abin da za ka kwatanta da shi.

Sai ka tsai da shawara kan abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai motsin rai na ɗan lokaci, wanda yake da sanadi a fili: gabanka ya faɗi saboda an biyo jarumin da wuƙa, ka yi ƙwalla saboda uwa ta rasa ɗanta. Wannan cikin mintuna yake wucewa. Akwai kuma yanayin da mutum ke wuni da shi, nauyin zuciya ko walwala, wanda ko shi kansa ba lallai ya san daga ina ya zo ba. Idan na farkon kake bi, dole ka auna nan take, kafin mutum ya tashi daga kujera. Idan na biyun ne, awon da ka yi minti ɗaya bayan kallo bai isa ba, sai ka koma bayan awa ɗaya, ko da dare, ko washegari. Na ga kundaye da dama da suka auna ƙwalla bayan fim suka rubuta sakamako a kan ciwon damuwa. Tsakanin biyun akwai tafiya mai nisa.

Kuma kada ka ɗauka daɗi da rashin daɗi ne kawai ake aunawa. James Russell ya nuna a 1980 cewa ana iya shimfiɗa yanayin zuciya a kan layi biyu: ɗaya daga ɗaci zuwa daɗi, ɗaya daga sanyin jiki zuwa tashin jiki. Natsuwa da zumuɗi duk daɗi ne, amma ba abu ɗaya ba ne. Kasala da fushi duk ba daɗi, amma maganin da mutum zai nema wa kowanne daban. Idan ka bar layi na biyu, ba za ka fahimci wani sakamako mai muhimmanci ba. A 2015 Yael Millgram da abokan aikinta sun gano cewa masu ciwon damuwa sun fi zaɓar kiɗan baƙin ciki, har aka fara cewa suna ƙara wa kansu ciwo ne. Da wasu masu bincike ƙarƙashin Sunkyung Yoon suka maimaita gwajin, suka kuma tambayi mutanen dalili, sai suka ce sanyin kiɗan ne ke jan su, yana kwantar musu da hankali. Zaɓin ɗaya ne, fassarar ta juya gaba ɗaya.

Akwai abu na uku da nake jin zafin a manta da shi. Ra'in Zillmann ya yi tuntuɓe a kan tambaya mai sauƙi: in dai daɗi mutane ke nema, me ke kai su ga fim ɗin da suka san zai sa su kuka? Mary Beth Oliver ta ɗauki wannan tun 1993, kuma a 2011 ita da Arthur Raney suka nuna cewa bayan neman nishaɗi akwai wata buƙata daban, ta neman ma'ana, ta mutum ya ga rayuwa da mutuwa da sadaukarwa ya yi tunani a kai. Wanda ya fito daga irin wannan kallo zai ce maka ransa ya sosu, kuma zai ce bai yi asarar lokacinsa ba. Ma'aunin da ke da gurbin "na ji daɗi" da "ban ji daɗi ba" kaɗai zai rubuta shi a cikin waɗanda fim ya cutar. Saboda haka in labari mai taɓa zuciya za ka nuna, ka ƙara tambayoyi a kan ko ya motsa shi, ko ya sa shi tunani, ko zai so wani nasa ya kalla.

Abin awo

Kada ka ƙirƙiro ma'auni alhali akwai waɗanda aka gwada shekaru. Wanda aka fi amfani da shi shi ne PANAS, na David Watson da Lee Anna Clark da Auke Tellegen, 1988: kalmomi 20, goma na yanayi mai kyau, goma na mara kyau, mutum ya ba kowacce maki daga 1 zuwa 5. Amfaninsa shi ne za ka iya kwatanta sakamakonka da na wasu. Rauninsa shi ne ya karkata ga yanayi mai zafi. Ba ya kama natsuwa, kuma baƙin ciki kansa ba ya cikin kalmomin. Idan fim mai ban tausayi kake gwadawa, PANAS kaɗai zai bar ka a hanya.

Ni na fi son SAM na Margaret Bradley da Peter Lang, 1994, musamman in za a auna sau da yawa a zama ɗaya. Zanen ɗan mutum ne a jere, daga mai murtuke fuska zuwa mai murmushi, sai wani jerin daga mai gyangyaɗi zuwa wanda jikinsa ya tashi, mutum ya nuna wanda ya yi kama da shi a lokacin. Cikin daƙiƙa kaɗan an gama, kuma ba ya buƙatar iya karatu sosai. In kuwa ma'aunin kalmomi za ka yi amfani da shi da wani harshe, mutum ɗaya ya fassara, wani daban da bai ga na asalin ba ya mayar da shi, ku kwatanta, sannan ka zauna da mutum biyar ko shida su cika a gabanka suna faɗin abin da suka fahimta da kowace tambaya.

Ɗalibai kan yi sha'awar na'urori, suna ganin su ne kimiyya ta gaske. Awon jiki tsohon abu ne a wannan fage: tun a binciken Asusun Payne a Amurka, wanda aka yi tsakanin 1929 da 1932, Wendell Dysinger da Christian Ruckmick sun liƙa wa yara na'urar auna zufar fata suna kallon fim. Amma zufa da bugun zuciya suna gaya maka jiki ya tashi ne kawai, ba sa faɗin ko tsoro ne ko murna. In kana da na'urar, ka haɗa ta da tambaya. In ba ka da ita, aikinka bai ragu da komai ba.

Hanya ta farko: gwaji

In kana son ka iya cewa kallo ne ya jawo sauyi, dole kai ne za ka zaɓa wa mutane abin da za su kalla, kuma ta hanyar ƙuri'a. Ba ka ce 'yan ajin safe su kalli barkwanci, 'yan ajin yamma su kalli ɗayan ba, domin a nan ba ka san ko fim ka auna ko gajiyar yamma ba. Ba ka bar mutum ya zaɓa ba, domin ka koma gidan jiya. Ka sa kwamfuta ta jera lambobi barkatai tun kafin kowa ya zo, ka rufe kowace a ambulan, wanda ya shigo ya ɗauki ta gaba a jeri.

Ga yadda zama ɗaya yake tafiya a wajena. Mutum ya shigo, ya kashe wayarsa ya ajiye ta a kwando a bakin ƙofa. Ya karanta takardar amincewa ya sa hannu. Ya zauna shi kaɗai, da abin sauraro a kunne, ƙarfin sauti iri ɗaya ga kowa, hasken ɗaki iri ɗaya. Ya cika awon farko. Daga nan a nuna masa wani abu mara motsa rai na minti biyu, domin wanda ya shigo a guje da wanda ya daɗe yana jira su sauko wuri ɗaya. Sai abin da ƙuri'a ta ba shi. Allo na yin duhu sai awo na biyu ya fito, ba tare da kowa ya yi masa magana ba. Mai kula da zaman yana waje, kuma ya fi kyau kada ya san abin da ke cikin ambulan ɗin, domin fuskar mai bincike tana magana. Da ya san barkwanci aka nuna, da murmushi zai buɗe ƙofa.

Me ya sa shi kaɗai? Domin dariya tana yaɗuwa. Mutum ashirin a ɗaki ɗaya ba ashirin ba ne a lissafi, tunda dariyar na gaba ta shiga cikin amsar na baya. In kallon taro kake son bincika, wannan tambaya ce mai kyau, amma daban take, kuma ƙungiya ce za ta zama abin ƙirgawa.

Rukunin kwatanci shi ne inda aka fi yin sakaci. Idan ka nuna wa mutane barkwanci ka ga ƙuncinsu ya ragu, ba ka san ko zaman minti goma ne kawai ya rage shi ba. Dole a sami waɗanda suka yi wani abu na tsawon lokaci ɗaya. Kuma abin da ka zaɓa musu shi ke fayyace ma'anar sakamakon: in zama shiru suka yi, kana kwatanta kallo da rashin kallo ne; in wani shiri mara barkwanci suka kalla, barkwancin kansa kake gwadawa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Wata ɗaliba ta kawo mini tsarinta, fim ɗaya na ban dariya da fim ɗaya na ban tausayi. Na tambaye ta, in ta sami bambanci, me za ta ce ya jawo shi. Ta ce, "Malam, ai a fili yake, ɗaya dariya ne ɗaya kuka." Na ce mu kalle su tare. Na dariyar yana da kiɗa mai sauri, hoto mai haske, jarumin sananne ne, ana yanka hoto kowace daƙiƙa uku. Na tausayin a ɗaki mai duhu aka ɗauke shi, ba kiɗa, fuskokin ba wanda ya san su, ya kuma fi tsawo. Bambanci biyar ke nan ban da wanda take nufi. Da fim ɗaya a kowane ɓangare, abin da za ka iya faɗa shi ne wannan fim ya bambanta da wancan, ba ka da bakin magana a kan barkwanci gaba ɗaya. Maganin shi ne ka tanadi aƙalla uku ko huɗu a kowane ɓangare, masu tsawo kusan ɗaya, ƙuri'a ta raba su. In sakamakon ya tsaya a kan dukkansu, ka kama wani abu.

Zaɓen gutsattsarin ma aiki ne. James Gross da Robert Levenson sun duba finafinai sama da 250, suka gwada gutsattsari 78 a kan mutum 494, kafin a 1995 su fitar da 16 da suka amince da su. Duk da haka sun ce tsoro bai fito musu tsaf kamar sauran ba. Kada ka ɗauki jerinsu ka yi amfani da shi ido rufe, domin abin da ya ba ɗaliban Amurka dariya shekaru talatin da suka wuce ba lallai ya motsa mutanenka ba. Ka kwaikwayi hanyarsu: ka tara gutsattsari da yawa, ka gwada su a kan wasu mutane daban da waɗanda za su shiga babban gwajin, ka riƙe waɗanda suka haifar da abin da kake so ba tare da sun jawo wani abu daban ba. Ka kuma tambayi kowa ko ya taɓa ganin gutsuren.

Mutane suna da kirki, kuma kirkinsu na iya ɓata maka aiki. Wanda ka nuna wa jana'iza sannan ka tambaye shi ko yana baƙin ciki ya gane abin da kake nema, zai kuma ba ka. Martin Orne ya yi rubutu a kan wannan tun 1962. Ka cakuɗa tambayoyin yanayi da wasu, a kan ingancin sauti, ko abin da ya tuna na labarin. A ƙarshen zama ka tambaye shi me yake zaton ana bincika, ka rubuta amsar.

Mutum nawa? Fiye da yadda kake zato. Don gano bambanci matsakaici tsakanin rukuni biyu, da damar kashi 80 cikin 100 na kama shi in yana nan, kana buƙatar mutum 64 a kowane rukuni. In bambancin ƙarami ne, lissafin yana kai wa kusan 400 a kowane rukuni. Manhajar G*Power kyauta ce, za ta yi maka wannan lissafi. In ba za ka iya tara su ba, ka sa kowane mutum ya kalli duka nau'o'in a ranaku daban, kana juya jerin, wasu su fara da wannan wasu da wancan. Hakan na rage adadin da kake buƙata sosai, domin kowa da kansa ake kwatanta shi.

Kafin mutum na farko ya shigo, ka rubuta hasashenka, adadin mutanen da za ka tsaya a kai, wanda za ka cire da dalilin cirewa, da lissafin da za ka yi, ka ajiye a OSF ko AsPredicted, shafukan intanet da masu bincike ke yin rajistar tsarin aikinsu, inda kwanan wata zai tabbata. Tun ran gini ran zane. Dalilin yana cikin wani aiki da Joseph Simmons da Leif Nelson da Uri Simonsohn suka wallafa a 2011. Da gangan suka sa ɗalibai 20 sauraron kiɗa, suka auna abubuwa da yawa, suka riƙa jujjuya lissafi suna zaɓar wanda ya yi musu, har suka fitar da sakamakon da ya cika duk ƙa'idar mujallu cewa wata waƙa tana rage wa mutum shekarun haihuwa da kusan shekara ɗaya da rabi. Abin da ba zai yiwu ba ne, kuma manufarsu ke nan: su nuna yadda mai gaskiya ma zai iya yaudarar kansa in ya bar ƙofofi a buɗe. A 2015 da aka maimaita bincike 100 na ilimin halayyar ɗan Adam, kashi 36 cikin 100 ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi.

Hanya ta biyu: bin mutane cikin rayuwarsu

Gwaji yana da iyaka. Ba wanda ke kallon gutsuren minti uku da wani ya zaɓa masa a rayuwarsa ta yau da kullum. In kana son sanin abin da ke faruwa a gida, sai ka bi mutane da gajerun tambayoyi sau da yawa a rana. Robert Kubey da Mihaly Csikszentmihalyi sun yi haka da 'yar na'ura mai ƙara da mutum ke ɗauke da ita, duk lokacin da ta yi ƙara ya rubuta abin da yake yi da yadda yake ji. A littafinsu na 1990 sun nuna cewa mutane na samun sakin jiki lokacin kallon talabijin, amma da an kashe sakin jikin ke tafiya, kasalar kuma ta zauna. Takardar da aka cika sau ɗaya ba za ta taɓa ganin wannan ba, tunda a cikin jerin lokaci abin yake.

Yau waya ta sauƙaƙa aikin. Saƙo biyar ko shida a rana na mako ɗaya ko biyu, tambayoyin da ba su wuce minti ɗaya ba: yaya kake ji yanzu, me ka kalla ko ka saurara tun saƙon baya, kai kaɗai ko da wani, kai ka nema ko kuwa ya zo maka ne. Kada ka dogara da ƙiyasin mutum na awannin da ya yi. Douglas Parry da abokan aikinsa sun haɗa bincike da dama a 2021 suka ga abin da mutane ke faɗa da abin da na'ura ta rubuta ba su cika jituwa ba. Ka roƙi mahalarta su turo hoton shafin da waya ke nuna lokacin amfani.

Ka kula da tarko ɗaya a nan. A ce wata mahalarciya ta ba kanta maki 2 cikin 10 da ƙarfe huɗu, ta saurari waƙa, da ƙarfe bakwai ta ba kanta 5. Kada ka yi saurin yaba wa waƙar. Wanda ya kai ƙasa sosai yawanci sama zai yi a awo na gaba ko ya saurari wani abu ko bai saurara ba. Abin da za ka duba shi ne sauran lokutan da ita ɗin ta kasance a 2 ba ta saurari komai ba: nawa ta kai bayan awa uku? Bambancin waɗannan biyun shi ne abin da za ka iya jingina wa waƙar, shi ma da taka tsantsan.

Wannan hanya tana nuna maka abin da matsakaicin lissafi ke ɓoyewa. Ine Beyens da Patti Valkenburg da abokan aikinsu a Holan sun bi matasa 63 sau shida a rana na mako guda, suka wallafa a 2020 cewa bayan leƙa shafukan sada zumunta kashi 46 cikin 100 sun ji sauƙi, kashi 44 ba abin da ya sauya, kashi 10 yanayinsu ya ɓaci. In ka haɗa su ka raba, za ka ce tasirin kaɗan ne, alhali akwai yaro ɗaya cikin goma da ya kamata a kula da shi. Ka kuma sa tambaya a kan yadda mutum ke kallon kallonsa. Leonard Reinecke da Tilo Hartmann da Allison Eden sun nuna a 2014 cewa waɗanda suka dawo daga aiki a gajiye sun fi ɗaukar kallonsu a matsayin ɓata lokaci, su ji laifi, jin laifin kuma ya rage musu hutun da suka je nema.

Haƙƙin mutanen da kake gwadawa

Kana taɓa zuciyar mutane da gangan, ko da na minti biyar ne. Ka nemi izinin kwamitin ɗa'a na makarantarka kafin ka fara. Ka gaya wa kowa cewa zai iya ganin abin da zai sosa masa rai, kuma yana da damar tashi a kowane lokaci ba tare da ya ba da dalili ba. Wanda aka yi wa rasuwa kwanan nan kada ka nuna masa mutuwa. Ka tambaya tun a takardar farko. Kada ka sallami mutum da nauyin da ka ɗora masa: ka rufe zaman da wani abu mai sanyaya rai, ka bayyana masa ainihin manufar binciken, ka ba shi inda zai nemi taimako in abin ya taso masa da wani tsohon ciwo. Yara sai da izinin iyaye da yardar su kansu yaran. In ɗalibanka ne mahalartan, ka tabbata ƙin shiga ba zai taɓa makinsu ba, kuma sun san haka.

A watan Janairun 2012 Facebook ya rage wa mutum 689,003 saƙonni masu daɗi ko marasa daɗi a shafinsu na mako ɗaya ba tare da an tambaye su ba. Da aka wallafa sakamakon a 2014 duniya ta yi ca, har mujallar da ta buga shi ta fitar da sanarwar nuna damuwa kan batun amincewa. Ni a ganina wannan bincike darasi biyu yake koyarwa. Na farko na izini. Na biyu na girman tasiri: sauyin da aka samu bai wuce kusan kalma ɗaya cikin dubu ba a rubutun mutane, kuma kalmomi aka ƙirga, ba a tambayi kowa yadda yake ji ba.

Wannan ya kawo mu ga rubuta sakamako. Kada ka tsaya a cewa an sami bambanci, ka faɗi girmansa da ma'aunin da mai karatu zai gane: maki nawa cikin nawa, ya ɗauki minti nawa kafin ya gushe. Amy Orben da Andrew Przybylski sun duba bayanan matasa sama da 350,000 a 2019, suka ga amfani da na'urori bai bayyana fiye da kashi 0.4 cikin 100 na bambancin walwalarsu ba. A 2022 masu bincike na Jami'ar Oxford sun bi 'yan wasan bidiyo kusan 39,000 na mako shida da bayanan da kamfanonin wasannin suka bayar, ba su sami wata hujja mai ƙarfi cewa yawan lokacin wasa na sauya walwala ba; dalilin da ya sa mutum ke wasan, ko don yana so ko don yana jin ya zame masa dole, shi ya fi alaƙa da ita. Saboda haka in naka gwajin bai nuna bambanci ba, ka rubuta hakan yadda yake, kada ka koma kana tona alƙaluma har sai wani abu ya fito. Manhajojin jamovi da JASP kyauta ne, sun ishe ka lissafin gwaji. Bayanan bin mutane kullum kuwa suna buƙatar lissafi mai hawa biyu, na cikin mutum da na tsakanin mutane, gara ka nemi masanin ƙididdiga tun kana tsarawa.

Ka faɗi su wa ka gwada, da shekarunsu da harshensu da irin kallon da suka saba, kada ka rubuta "mutane" alhali ɗaliban aji ɗaya kake nufi. Jeffrey Arnett ya ƙirga a 2008 cewa kashi 96 cikin 100 na mahalarta binciken manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam daga ƙasashen Yamma masu arziki suke, ƙasashen da ba su wuce kashi 12 cikin 100 na al'ummar duniya ba. Ma'anarsa ita ce gwajin Bryant da Zillmann, da tambayar Oliver, da binciken jin laifi na Reinecke, duk suna jiran a sake su a wurare da harsunan da ba a taɓa gwada su ba. Ga ɗalibin da ke neman batun kundi, maimaita ɗaya daga cikinsu da kyau ya fi ƙirƙiro sabon da ba shi da tushe. In ka gama, ka cire sunaye da duk abin da zai nuna mutum, ka ɗora alƙaluman da takardar tambayoyin da jerin gutsattsarin da ka nuna, da minti da daƙiƙar da kowanne ya fara ya ƙare, a shafin intanet irin OSF, domin wanda zai maimaita aikin a bayanka ya san daidai abin da mahalartanka suka gani.